Shuɗin Layi a Rigar Baba

Jiya da la'asar Baba na ba shukokinshi ruwa a tsakar gida, sanye da rigar gwanjon da na sawo mashi a Babbar Kasuwa. Tutar Amurka ce a ƙirjin, baƙi da fari, da shuɗin layi guda. Ni dai shuɗin ya burge ni, kamar sama in ruwa ya ɗauke.

Sai ga kiran bidiyo daga Yaya Binta da ke aure a can Amurka. Tana ganin rigar sai ta ce:

"Baba, tutar masu goyon bayan 'yan sanda ce fa. Ta bazu ne lokacin da baƙar fata ke zanga-zanga kan kisan da 'yan sanda ke masu. In na gan ta jikin mota, hannun jikanka nake riƙewa."

Baba, da ya shekara talatin cikin kakin ɗan sanda, ya daɗe yana shafa layin, ruwa na malala kan ƙafarshi.

A hankali ya ce, "Ko ni ma akwai uwar da ta taɓa hango ni ta riƙe hannun ɗanta?"

Tun da ya tuɓe ta jiya, rigar na nan kan igiya, iska na kaɗa ta. Da ku ne, me za ku ce ma Baba?