Geron da Tanko ya binne a Jigawar Gawo

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana. Ni da damina nake ƙirga shekara, kuma damina goma sha ɗaya na yi tun rasuwarsa ina shuka ba shi a gabana. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Autata Zuwaira ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma roƙe ta kada ta rage wa maganata zafi. Sunansa ba ya fita daga bakina, ko da yana raye ban taɓa kiransa ba, sai na ce ta rubuta da hannunta: Tanko. A ƙauyenmu na ƙasar Mallawa babu magidancin da bai san shi ba.

Ina kuka nake wannan magana, ba na kuma jin kunyar kukan. Mata sukan ce mini, "Haba Inna, kin fita takaba tun yaushe, ki bar wa Allah." Na bar wa Allah ransa, don nasa ne. Gonar kuwa ban bar wa kowa ba, kuma abin da ya kai shi kaso ya sake dawowa har bakin iyakata. Shi ya sa na ce a kai maganata jarida.

Yamma da garinmu akwai wata jigawa mai gawo da yawa, muna ce mata Jigawar Gawo. Can gonakin gari suke tun kakanni. Ba mu da shinge, gamba ce iyakarmu, kowa ya san tushen gambar da gonarsa ta tsaya. Da kaka mukan yanke gambar mu yi zana, mu kwashe kara, dabbobi su shiga su cinye saura. Wanda ya zo da rani ba zai ga komai ba sai rairayi da gawo. To, da rani suka zo. Wani mai kuɗi daga birni ya turo masu awo, suka zagaya da mota, suka koma suka ce daji ne da ba mai shi. Ba su tambayi ko mutum ɗaya ba. Sai labari muka ji an ba shi jigawar, wai zai yi babbar gona ta zamani.

Maza suka tafi wajen hukuma da ƙafa don su kai kuka, aka tare su a hanya aka koro su. Da suka sake shirin komawa sai aka aiko da sanarwa cewa an hana taro. Ba zama a dandali, ba tsayuwa bayan sallar Juma'a, har bakin rijiya in maza sun yi yawa sai a ce su watse. Gari ya yi tsit. Mutum ya gamu da ɗan'uwansa a hanya, su gaisa su wuce, kowa na duban bayansa.

Maigidana ba ɗan siyasa ba ne. Ko kalar jam'iyya bai taɓa ɗaurawa a ƙofar gida ba, in ƴan kamfe sun zo ma gona yake tafiya. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai taurin kai, ni na fi kowa sanin taurin kan nan don na sha fama da shi. Wata rana yana zaune yana gyaran ƙotar sungumi, wato fartanyar nan mai dogon hannu da ake saran shuka da ita, sai ya ce mini, "Baraka, taro aka hana. Kin ji an hana binne?"

Ga wanda ya tashi a birni, binne shi ne ka shuka gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ka bar shi yana jira. Kasada ce. In yayyafi ya zo ya ɗauke, irin ya ruɓe. In ruwa ya yi jinkiri, zabi da ɓeraye su tone rabinsa. Amma in Allah ya kawo ruwa mai kyau, geronka ya riga na kowa fita. Kuma binne ba aikin gayya ba ne, aikin mutum biyu ne. Miji yana gaba yana sara, mace tana biye da ƙoƙon iri, tana jefawa tana rufewa da diddige.

Bai tara kowa ba. Gida gida ya bi, kamar mai zuwa gaisuwa. Da ranar ta zo, bayan sallar asuba kowane magidanci ya fita da sunguminsa da matarsa, kowa ya nufi gonarsa, ba wanda ya yi wa wani magana. Da rana ta ɗaga na ɗaga kai na duba, jigawar nan daga wannan baki zuwa wancan mutane ne bibbiyu, ba ka jin komai sai ƙarar sara. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba, ba kuma na zaton zan sake gani.

Da hantsi jandarma suka iso. Babbansu ya zo har inda muke ya yi sallama, ya ce, "Baba, kai ne ka kira taron nan?"

Maigidana bai ajiye sungumi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina taron? Ga ni ga iyalina. Wancan Idi ne da tasa matar, a gonar ubansa yake."

Mutumin ya dubi ramukan. Daga ganinsa ɗan manoma ne. Ya ce, "Baba, na san binne, uwata ma tana yi. Amma an ce in zo da kai."

"To bari in ƙarasa layin nan, kada in bar mata rabin aiki."

Ya kuwa bar shi ya ƙarasa. Ina biye da shi ina jefa iri, hawaye na zuba, ban tsallake rami ko ɗaya ba. Da muka kai gamba ya miƙo mini sungumin ya shiga mota.

Sun tafi da shi tare da wasu magidanta. Sauran an sako su bayan sun yi alkawarin ba za su sake taka jigawar ba, ban kuma taɓa ganin laifinsu ba, suna da ƙananan yara. Shi aka ce ya faɗa da bakinsa cewa wurin daji ne, sai a sake shi. Ya ce ba zai iya kiran gonar da aka haifi ubansa yana nomanta daji ba. Daga nan sai laifinsa ya canza. Aka ce ɗan adawa ne, wai wasu ne suka sa shi ya ta da hankalin jama'a. Mutumin da bai san sunan ɗan majalisar yankinmu ba! Aka kai shi kaso mai nisa, damina biyu yana ciki ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar da muka yi binnen. Kullum sai in fita in dubi gabas, in dawo in kasa cin abinci, don na san in irin nan ya mutu a ƙasa, an kama shi a banza ke nan. Har mutane sun fara cewa zabi sun gama da shi. Sai ga hadari, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayan ƴan kwanaki jigawar nan ta yi kore shar, kowace gona da layukanta, har ka iya nuna inda ta wane ta tsaya. Wanda ya ce daji ne ya zo ya gani da idonsa. Mai kuɗin nan bai iya sa mota ta bi ta kan geron gari guda ba. Mun nome, mun girbe.

Da sabon geron na daka fura na shiga motar kasuwa na kai masa. Masu gadi suka farfasa dunƙulen da tsinke suna neman abin da na ɓoye, ba su samu komai ba. Da aka fito da shi mu gana ban gane shi ba sai da ya yi magana, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Na dama masa, ya kurɓa sau ɗaya ya tsaya. Ya ce, "Wannan ba geron kasuwa ba ne." Na ce a'a. Ya ce, "Ya fito ke nan?" Na ce ya fito, har rumbun Idi ya cika. Sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya ce, "Gishirin maganarki dai bai ragu ba, amma furar nan ta yi tsami a hanya." Mutumin ke nan, ko a kaso sai ya sami abin kushewa.

Sai da suka ga ba zai tashi ba suka sako shi. A amalanke aka ƙaraso da shi daga bakin hanya. Bai kai shuka ta gaba ba. Abu na ƙarshe da ya tambaye ni mai ma'ana shi ne ko na ware iri daga geron binnen nan. Na ce na ware. Har yau shi nake shukawa, duk kaka in zaɓi manyan zangarniya in rataye.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau me zai ce? Zai ga rabin jigawar an kewaye shi da waya, don bayan rasuwarsa sun ci wannan rabin. Zai tambaya ina gonar zamanin? Babu komai a ciki sai tumfafiya da ƙarangiya, masu ita ko sau ɗaya ba su shuka ba, ƴaƴan waɗanda aka raba da gonakin kuwa sun watse, wasu Kano, wasu sun haura arewa cikin hamada, wasu ba labari. Zai ga mulki ya canza hannu ba sau ɗaya ba. Wasu da suka zo mini ta'aziyya da manyan riguna, suka riƙa ambatonsa a wajen kamfe, da suka samu kujera su ma taron suka hana. Ina jin ba zai yi mamaki ba. Tsaki zai yi ya tambayi inda aka ajiye masa sungumi.

Abin da zai ƙona masa rai shi ne na bana. Da ranin nan masu awo sun dawo, sun kafa turakun siminti, ɗaya yana tsaye a kan tushen gambata. Magidanta biyu na garinmu sun yi magana a kai cikin waya, muryarsu ta zagaya, aka zo aka tafi da su, har yanzu suna tsare. Matan nasu wajena suke zuwa, don ni na san motar da ake shiga, na san abincin da masu gadi suke bari ya wuce. Wannan ba ilimin da nake so in gadar wa kowa ba ne.

Ƙanen maigidana, Mamman, wanda tun ina amarya muke tsokanar juna, ya zo ya same ni ina sussukar iri. Ya ce, "Amaryarmu, me nake gani haka? Ke da ƙafarki ba ta kai ki rijiya, binne za ki yi?"

Na ce, "Ƙafata ta fi zuciyarka ƙarfi, ragon miji."

"Ki ji tsoron Allah, Baraka. Sun ɗauki yayana, na wanke shi da hannuna. Kina so in wanke ki?"

"Ai ba kai za ka wanke ni ba, mata ne. Kai dai ka zo jana'iza da wuri, ka bar makarar nan taka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa zai yi miki sara?" Nan ya kama ni, don ƴaƴana maza ba sa gari, ni kuma kafaɗata ba ta iya ɗaga sungumi. Na ce ko da yatsa ne zan tona. Ya tashi yana faɗa, yana cewa taurin kan yayansa ne ya shige ni, ya fita ko sallama bai yi ba.

Ga abin da nake so masu turaku su ji, in akwai mai karanta musu. Gonar nan ba daji ba ce. Ranar da na ga hadari ya fara taruwa a gabas zan fita da ƙoƙona, ba zan kira kowa ba, ba zan tara kowa ba. In tsohuwa ɗaya da ƙoƙon gero taro ce, ku zo da motarku, amma ku bar ni in ƙarasa layi, wanda kuka aiko wancan karon ma ya yi wannan mutuncin. Ku kuma saki mazan mutane su zo su yi shuka, damina ba ta jiran alƙali.

Me ya rage na maigidana? Kabarinsa ya baje, ni kaɗai nake gane wurin. Hoto ɗaya muke da shi, shi ma ya koɗe. Bai bar gida na siminti ba, bai ci shari'a ba, rabin abin da ya tsaya a kai an ƙwace. Amma sauran rabin har yau gari ke ci daga cikinsa, kuma babu rumbun da ba irin geron nan a ciki, don duk wanda ya roƙa na ba shi. Allah ya jiƙansa, ya sa kason nan ya zama kaffara.

Shekaranjiya na nemi sungumin a inda nake jingine shi ban gan shi ba. Zuwaira ta leƙa gidan Mamman ta same shi zaune a zaure, ya cire tsohuwar ƙotar yana fere sabuwa. Ta ce, "Baffa, gona za a?" Ya ce ta wuce ta ba shi wuri, shi ƙota kawai yake gyarawa, kada gara ta cinye kayan yayansa. Ta ce ta ga ya auna ƙotar da tsayinsa.