Atamfar da Mama ba ta ɗinka ba

Shekarun baya, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wata ƙungiyar da'awa ta tura ni ƙasar waje, birnin Bangui, in koyar da karatu a unguwar Kilomita Biyar. Na sauka da akwati biyu, ɗaya na tufafi ɗaya na littattafai, ga kuma girman kai da ya fi su nauyi. A lokacin gani nake duk tambayar da za a yi mini, amsarta tana bakina.

Wani dattijo mai shagon atamfa a Titin Koudoukou ne ya ba ni ɗaki a gidansa. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, 'yar ƙasar ce, ta musulunta tun kafin a haife ni. Hausarta ta kasuwa ce, ni kuma abin da na iya na Sango, yaren ƙasar, bai wuce gaisuwa ba, amma a haka muka saba. Satin farko na kasa haɗiye gozo, tuwon rogon da suke ci safe da yamma. Sai ta shiga kasuwa ta nemo garin masara da kuka. Da zazzaɓi ya kayar da ni, ita ta yi jinyata. "Ɗana Malam" take kirana.

Wata ranar damina, maigidan ya tafi Kamaru ɗauko kaya, sai ga wata mata ta shigo tana kuka, ta ajiye wa Mama turmin atamfa shuɗiya. 'Yar yayarta ce. Yayar Mama, Kirista ce da ke zaune a unguwar Miskine, ta rasu. Al'adarsu ita ce dangi su yi ankon zane ɗaya, su kai kofi da sukari, su zauna kan tabarma a gidan makoki har a yi jana'iza. Wanda ba a ga ƙeyarsa ba, shi ya cire kansa daga dangi.

Bayan azahar Mama ta zo ƙofar ɗakina, atamfar a hannunta, idonta jajur.

"Ɗana Malam, ya halatta in je?"

Ban tambaye ta yadda suke da mamaciyar ba. Ban ce ta ba ni zuwa la'asar in duba littafi ba, ga akwatin nan a bayana. Ban tuna da tsohon limaminmu ba, wanda ya tsufa a unguwar. Waƙoƙin coci da na taɓa jiyowa daga wani gidan makoki kawai na tuna, na gyara zama kamar wani alƙali.

"Mama, wannan ba wurin zuwan Musulmi ba ne."

"Ko in zauna a gefe? Ba zan yi waƙa ba."

"Gara ki haƙura."

Ta ce, "To, Malam." Ranar ce ta fara cire "ɗana" daga sunan, ni kuwa ban ma lura ba. Har wani daɗi na ji, wai na tsare wa baiwar Allah addininta.

Bayan mako guda maigidan ya dawo. Da ya ji labari bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya kira ni shago, ya ture mini kujera.

"Malam, ka san wace ce matar da ta rasu?"

Na ce yayar Mama ce.

"Lokacin tashin hankalin da aka yi a garin nan, ina wannan gefe, matata da 'ya'yana hanya ta rufe musu a can Miskine. Wata biyu suka yi a uwar ɗakin matar nan. Ita ke tsaron ƙofa idan matata za ta yi salla."

Na koma na zazzage littattafan nan, na je wurin liman. Ya ce mini zuwa yi wa dangi ta'aziyya, ko da addini ya bambanta, malamai da yawa sun yarda da shi, muddin mutum bai shiga ibadarsu ba. Abin da Mama ta roƙa ke nan tun farko.

Muka hau mashin mu uku, ni da Mama da maigidan, zuwa Miskine, da kofi da sukari a leda. 'Yar marigayiyar ta fito, ba ta karɓa ba. Ta yi magana da Sango, maigidan ya fassara mini a hankali: sun bar wa Mama wuri a kan tabarma, kusa da kan gawar, kwana huɗu ba wanda ya zauna a wurin, har aka naɗe tabarmar. Na buɗe baki na ce laifina ne. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce ba ta san ni ba, ƙanwar uwarta ta sani.

Na ƙara shekara ɗaya a gidan. Mama ba ta taɓa rage mini tuwo ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Amma ba ta sake yi mini tambayar addini ba, kuma babu wanda ya sake zuwa daga Miskine.

Yau ina koyarwa a gida, ɗalibaina har tsokanata suke wai "bari in duba" ta fi yawa a bakina. Ina barinsu su yi dariyarsu. Har yanzu idan na tuna ƙofar ɗakin nan, kunya da nadama nake ji, domin ni ban rasa komai ba, ita ce ta rasa danginta.

Ranar da zan baro Bangui, Mama ta saka mini wani ƙunshi a akwati. Na buɗe, atamfar nan ce shuɗiya, ko almakashi bai taɓa ta ba. Na ce, "Mama, wannan fa?"

Ta ce, "Ka kai wa mahaifiyarka, Malam. Ni ba ni da inda zan sa ta."