Mutumin da Ya Zare Turakun Kuka

Na tsufa ina koyar da Turanci a Funtua, kuma babu darasin da ya gajiyar da ni kamar na kalmomin sauka. Turawa suna da wadda ake cewa in mutum ya sauko da ƙafarsa, da wadda ake cewa in ya faɗo, da ta gangarowa. Yara su yi ta cakuɗa su, ni kuma in yi ta gyara har alli ya ƙare. Duk bayanina bai kai wanda kakarmu Iya ta yi mana a Ƙarfi ba, ita da ko gaisuwa ba ta iya da Turanci ba.

Lokacin kaka, bayan sallar isha, mukan zauna ɓarar masara a tsakar gida. Totuwar da muka ɓare ita ake turawa a wuta, hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye. Iya ba ta fara tatsuniya sai ta ga kwando ya kusa cika.

Wani dare ta ba mu labarin wani mai ɗibar zuma. Kuka ba ta hawuwa haka nan, sai an kafa turaku a jikinta ana takawa. Shi wannan mutumin, don kada wani ya biyo shi a raba zumar, duk turken da ya taka ya wuce sai ya zare shi ya jefa cikin jaka. Ya kai sama, ya sha zuma har ta ishe shi. Da ya juyo, gudumar da zai mayar da turakun tana can ƙasa a gindin kuka, inda ya bar ta bayan ya gama kafawa. Ya yi kira, babu kowa, domin tun da hantsi ya kori ƙannensa.

Na ce, "Iya, to yaya ya sauko?"

Ta ce, "Kai maigidan nan, bakinka ya fi ka girma. Wa ya ce maka ya sauko? Ƙasa dai ya iso."

Muka kwashe da dariya. Ita kuwa ta tura totuwa a wuta ta ce a kawo mata wani kwandon.

Yanzu ni ne babba a gandunmu. Tun da na bar aji na koma gona, ni ke cewa ga inda za a sa masara, ga inda za a sa waken suya. Gwiwoyina sun gaji, idona ma haka. Bara na makara da taki, gonar fadama ta ba mu kunya, kuma ba wanda ya ce mini uffan. Ɗana Habu ya daina kawo shawara tun da ba na ɗauka, sai dai ya ce, "Yadda ka ce, Baba," ya hau babur ya nufi Malumfashi. Jiya uwarsa ta gaya mini yana neman aikin lodi a Kano. In ya tafi, babu mai riƙe gonar nan in na kasa, kuma wallahi na kusa.

Abin yana ba ni tsoro. Na fi son in sauko da ƙafata tun akwai mai jirana a ƙasa. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan ce wa Habu ya shuka abin da ya ga dama a fadama, ni kuma in zauna a inuwa in yi shiru. Shirun ne ban san ko zan iya ba.