Bokitin Yashin da Na Zubar

Assalamu alaikum. A shekarun da aka ba mu sabuwar jiha, ni ke shara da kula da ɗakin gwajin kimiyya a wata sakandare a Ƙaura Namoda. Ban yi boko ba, allo na yi, don haka kowace kwalba sai na manna mata sunanta da ajami. Malamin kimiyyar ɗan Shinkafi ne, sa'an ɗana. Baba yake ce mini, yana tsokanata wai na mayar da kwalabensa malamai.

Kwalba ɗaya ya ja mini kunne a kanta: wani ƙarfe mai laushi kamar sabulu, sodiyam, kwance cikin kananzir. Ya ce ba ya shiri da ruwa, in ya kama da wuta busasshen yashi ne maganinsa, ya ajiye jan bokiti cike da shi a bakin ƙofa. Na ce to, amma a raina na ce yarinta ce, tun da Allah Ya halicci wuta ruwa ke kashe ta. Da aka ƙaddamar da Shari'a muka riƙa yin azahar cikin jam'i a makaranta, bokitai suka yi ƙaranci. Sai na zubar da yashin, na cika bokitin da ruwan alwala, ina ganin lada na samu.

Wata Laraba da hantsi malamin yana yanka ƙarfen gaban ɗalibai, guntu ya faɗa kan danshin tebur, wuta ta tashi. Ya ce in kawo bokitin. Na kawo, na watsa kafin ya duba. Abin ya fashe da ƙara, malamin ya ture ni baya, tartsatsin da zai sami idanuna ya sauka a bayan hannunsa. Da yashin tsakar makaranta aka rufe wutar.

Shugaban makaranta ya so ya sallame ni. Malamin nan, hannunsa a naɗe, ya ce laifinsa ne, da ya faɗa mini doka bai nuna mini dalilinta ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Jama'a, ba kowace wuta ruwa ke kashewa ba, kuma furfura ba ta sa mutum ya san abin da bai koya ba. Wanda aka ja masa kunne bai gane ba, ya tambaya. Har yau in muka gaisa, babban yatsana a kan tabon yake sauka, shi kuwa sai ya yi dariya ya tambaye ni ko da alwalata.