Turaren Tsinke a Motar Gas

Mun baro tashar Birnin Kudu za mu Gwaram, sai wari ya cika mota. Na ce wa direba, "Malam, kamar gas nake ji."

"Ci gaba ne, Alhaji! Fetur ya gagara, na mai da ita gas. Tiyon ne ke ɗan yoyo."

Na waiga. Tukunyar gas ta girki ce a baya, ɗaure da igiyar akuya.

"To, warin fa?"

"Yanzu zan yi maganinsa."

Ya zaro turaren tsinke, yana laluben ashana.

Da ƙafa na ƙarasa ƙauyen gaba.

Bawan Allah, akwai kula da fasinja: so yake mu isa lahira muna ƙamshi. Ku da kun zauna?