Gobarar da Maharazu Ya Kashe a Tottenham

Maharazu Hambali ɗan kwana-kwana ne a Kaduna, shekara tara yana aiki. A 1975, lokacin da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta kai shi, aka tura shi London kwas ɗin shekara biyu, ya koyo yadda ake zuba wa wuta ruwa irin na Turawa.

Ya kama ɗaki a Tottenham, gidan Baba Dokas, mutumin Jos, direban bas, da matarsa Scholastica, 'yar Katolika wadda ko ciwo bai hana ta zuwa coci. Maharazu mutum ne mai shiru-shiru. Daga makaranta sai sallaya, sai kukan sanyi.

Ran biyar ga Nuwamba, bayan magariba, ya leƙa ta taga ya hango wuta tana ci a filin bayan gidaje. A samanta ga mutum zaune da kwat da hula, jama'a sun kewaye shi suna tafi. Maharazu ya yi salati, ya fizgo tiyon wankin mota na maƙwabci, ya tsallake shinge. Cikin minti biyar ya kashe wutar, ya jiƙa duk wanda ke kusa, ya janyo mutumin ya rungume. Sai kan ya faɗo. Ashe tsumma ne da tsofaffin jaridu.

Shekarun nan bama-bamai na tashi a London, ana zargin wasu 'yan Katolikan Ireland, kowa a tsorace yake, don haka aka kira ɗan sanda. Ya buɗe ɗan littafinsa ya tambayi Maharazu ko shi Katolika ne.

"Ni?" in ji Maharazu, carbi na leƙowa daga aljihunsa.

Baba Dokas ne ya fito ya ba da haƙuri, ya ja shi kicin.

"Malam, zauna ka ji wanda ka ceta. A 1605 wasu 'yan ɗarikarmu ta Katolika da aka matsa wa lamba suka jibge ganga talatin da shida na albarushi ƙarƙashin majalisa, don su tashi Sarki James da manyansa. Sai aka aika wa wani ɗan majalisa takarda, wai kada ya je ranar. Takarda ta kai hannun hukuma. Aka yi bincike, aka tarar da ɗayansu, Guy Fawkes, yana gadin gangunan. Siffarsa ce ake ƙonawa duk shekara a wannan rana."

"Sarkin ya mutu?"

"Ko hularsa ba ta motsa ba."

"To Baba, bikin me ake yi?"

"Na rashin faruwar abin."

Maharazu ya ce a gida wata uku da suka wuce aka yi juyin mulki, ya yi nasara sarai, washegari kowa ya tafi kasuwa. Su kuwa Turawa masu ilimi, shekara ɗari uku da saba'in suna ƙona kwat mai kyau a kan wanda bai ko ƙyasta ashana ba.

Scholastica dai ba ta ga abin dariya ba. Shekara goma sha biyu tana rufe labule duk wannan rana. Ta zubo masa tuwon acca da hannunta, ta ce, "Ɗana, ci. Allah ne ya aiko ka."

Ran Lahadi ta kai labari coci. Daga nan tsofaffin 'yan Ireland na unguwar suka fara ɗaga masa hula a hanya, maƙwabta kuwa suka daina amsa gaisuwarsa. Wata tsohuwa ta kawo masa hoton Fafaroma, ya karɓa da hannu biyu don kunya, ya rasa inda zai ajiye. Da shekara ta zagayo, kwamitin unguwa ya aiko masa da takarda cikin ladabi, ana roƙon ya zauna a ɗaki ranar bikin.

Ya koma Kaduna a 1977 da satifiket mai tambarin zinariya. Aka ɗaga shi zuwa ofis, aka ba shi tebur da fanka, bai sake taɓa tiyo ba har ya yi ritaya. Kowace Kirsimeti katin Scholastica yana isowa, matarsa Zinatu tana karanta masa, tana tambayar wace irin alaƙa ce wannan.