Katakon Durƙuso

Na san Kafinta a 1974, shekarar da ya zo gyaran bencinan cocinmu. Ya yi shekara goma bai je gaban Fada, limamin coci, ya furta zunubansa ba, har addu'ar tuba ta ɓace masa. Kunya ta hana shi tambaya, sai na rubuta masa ita a guntun katako.

Bara gwiwoyina suka gaji. Durƙuso ya gagare ni, har na fara tunanin daina zuwa coci, don ban iya zama ba alhali jama'a na durƙushe. Wata Lahadi na tarar an ɗaga katakon durƙuson wurina da inci huɗu, an lulluɓe shi da soso.

"Malam, ka tare hanya," in ji Kafinta daga bayana. "Durƙusa mana."